Ranar da Na Wanke Wa Autana Kwanson Harsashi

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a filin harbi, a tsakiyar maza, na ɗaga murya ina yabon kaina a kan ɓarnar da hannuna ya yi ba. Har yau idan abin ya faɗo mini ina zaune kan sallaya, sai in ja mayafi in rufe fuska, alhali ni kaɗai ce a ɗakin.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce. Ban taɓa zama a aji ba, harafi ɗaya ban sani ba, amma Allah ya ba ni ido. Tun muna unguwar Harra ta Gabas, a nan ƙasa mai tsarki, kafin autana Habibu ya kwaso ni zuwa gidansa na Aƙiƙ, matan unguwa idan sun ji sallamata sai a fara tura kwanuka ƙarƙashin gado. Nakan shafa yatsa a saman ƙofa in duba. Inda na fi ƙarfi kuwa shi ne tagulla. Tasoshin uwata da na taho da su daga Kano, tsamiya da gishiri kawai nake sa musu su riƙa kashe ido. (Matar Habibu, Samira, haihuwar nan ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsa mini. Akwai wani kaskon suyarta mai baƙin shafe da na taɓa kankarewa har ya yi fari fat. Ta yi kuka. Wai baƙin shi ne amfaninsa. Har gobe ban gane ba.)

Habibu mai haɗa magani ne a wata saidaliyya, wato kantin magani. Yaro ne natsattse, aibinsa ɗaya: ranar hutu sai ya tafi wani nadi, wato kulob ɗin maharba, da ke bayan gari, kan hanyar Khaibar, inda manya da gemunsu ke taruwa suna harbin takarda. Wanda ya koya masa shi ne Ammu Salihu, dattijon da kakanninsa suka zo hajji da ƙafa suka zauna. Shi ɗan ƙasa ne, shi ke da izini, bindigar ma tasa ce, gadon mahaifinsa, kuma ba ya barin kowa ya riƙe ta sai Habibu.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ashe idan an harba harsashi, kwanson tagullar nan da ke faɗowa ba yar da shi ake yi ba, Ammu Salihu kan sake cika shi a ɗakin aikinsu na nadi. To duk cikawa da harbawa kwanson yana miƙewa, yana sirancewa daga ciki wajen gindi, har wata rana ya tsinke biyu a cikin bindiga. Shi ya sa kafin a cika sai an duba. A waje akan ga wani siririn zobe mai haske, a ciki kuma akan zura waya mai lanƙwasasshen baki a ji ko akwai kwari. Wanda aka samu da shi ya gama aiki.

Ni duk wannan ina na sani? Abin da na gani shi ne, wata la'asar ɗana ya zube wasu ƙazaman ƙarafa a tsakiyar falo, yana sosa musu ciki da waya kamar mai sakace kunne. Wasu ya jefa a babban gwangwanin madara, wasu kuma ya zana musu jan alƙalami ya jefa a ƙarami.

Na ce, "Kai Habibu, tagullar kake yi wa zane? A gidan wa ka koyi wannan?"

Ya ce, "Inna, aiki ne Ammu ya ba ni. Bai taɓa yarda wani ya duba masa ba, sai yau. In na yi sakaci a nan, wallahi na rabu da bindigarsa ke nan."

Na ji maganar, na kuma fassara ta yadda ta yi mini daɗi: dattijo ya ba yaro amana, yaro zai mayar da kaya baƙi ƙirin da jirwayen ja, a ce ɗan wace ce wannan.

Washegari yana fita aiki na ɗauko gwangwanayen biyu. Samira ta biyo ni kicin tana "La, ya Halti, la," wai ya ce kada a taɓa. Na kalle ta irin kallon da na iya, na ce, "Ke kika haife shi ko ni?" Ta ja da baya ta shige ɗaki. Na juye su duka a roba guda, na jiƙa da tsamiya, na zauna na bi su ɗaya-ɗaya da soso. Jan nan ya ba ni wahala, sai da na haɗa da farce. Da suka bushe a tire, kai ka ce daga kasuwar zinariya aka kwaso su. Babu ja, babu zobe, babu babba babu yaro, kowa yana ƙyalli iri ɗaya. Na zuba su a babban gwangwani suka cika shi dam. Ƙaramin kuwa na wanke na zuba daddawata.

Da azahar Ammu Salihu ya biyo karɓa, ni na miƙa masa ta bayan ƙofa. Na ji ya buɗe ya ce, "Masha Allah, tabarakallah!" Ranar ko abincin rana ban ci da yawa ba, yabon ya ƙosar da ni. Da Habibu ya dawo, Samira ta gaya masa an yi wa ƙarafansa wanka, ya yi dariya ya ce wanki ba ya cutar da su. Bai kawo a ransa cewa na haɗe su ba, ƙaramin gwangwanin kuma ya ɗauka Ammu ya tafi da shi. Ni ma ban ga abin faɗa ba.

Sai ga ranar da nadi ke barin iyali su zo kallo. Na ce ƙafata ƙafarsu, in ga inda yake kai hutunsa. Muna shiga aka miƙo mini wani tabarau da wasu faya-fayai na toshe kunne. Na ce ni ba makauniya ba ce, kuma na ji tsawar damina a Kano ban kurmance ba. Suka ce doka ce. Haka Samira ta ɗora mini su a kan hijabi, duniya ta yi tsit, ban ƙara jin komai ba sai bugun zuciyata.

Muka zauna a baya. Habibu ya kwanta rub da ciki a ƙasa (da farar rigar da na goge masa), ya harba, ya ja wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa, kwanso ya yi tsalle ya faɗi yana walƙiya. Na zunguri Samira na nuna mata aikina. Ya sake, ya sake. Can sai na ga hayaƙi ya taso ta baya, daidai fuskarsa, ya kau da kai da sauri. Ya ja sakatar, maimakon kwanso sai wani ɗan abu kamar maɓallin riga ya faɗo.

Nan take kowa ya ajiye bindiga. Maza suka yo kansa. Ni kuwa na gyaɗa kai, na ɗauka ya ci gasar ne, an zo taya shi murna. Sai na lura ba mai dariya. Ammu Salihu ya riƙe fuskar Habibu yana duba idonsa, ya sake shi, ya leƙa cikin bindiga, sannan ya ɗauko harsashi ɗaya daga akwati yana kaɗa shi a gaban hancin yaron. Bakinsa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Habibu yana dafa ƙirji, alamar rantsuwa.

Na yi lissafina na tsohuwa mai ido. Dattijo yana nuna tagulla, yana faɗa, yaro yana rantsuwa. To maganar tsafta ce. Ko dai yana cewa ba a wanke da kyau ba, ko yana cewa Habibu ya yi ƙarya da ya ce a gida aka yi. Ko wanne ne, ni ce shaida.

Na miƙe. Samira ta riƙe mini gefen abaya, na fizge. Na ratsa maza na tsaya. Kada ku manta kunnena a toshe yake, ban san da wace murya nake magana ba. An ce har masu gadin ƙofa sun ji.

"Malam Salihu, ka bar yaron nan! Ni na wanke su da hannuna! Da ka ga yadda suka shigo gidana da ba ka buɗe baki ba. Wasu duk jan alƙalami, an watsar da su a ƙaramin gwangwani kamar marasa gata. Ni na kankare jan tas, na haɗa su da 'yan'uwansu. In ka samu ɗaya mai tabo a ciki, ka nuna mini!"

Na riƙe ƙugu ina jiran godiya.

Samira ce ta zo ta ɗage mini abin kunnen. Ashe shirun da ke waje ya fi na ciki. Habibu ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ammu Salihu ya dube ni, ya ce da irin Hausarsa, "Ya Hajja... jan, ke kin wanke jan?"

Na ce, "Da ƙyar ma ya fita."

Wani daga baya ya yi tari irin na mai haɗiye dariya. Samira ta raɗa mini cewa kafin in taso, Ammu ya riga ya ce halas, wato magana ta ƙare, Habibu ya ci amana, daga yau ba shi ba bindigar. Na ce to don me? Har lokacin fa ban gane ba.

Aka ɗauki bindigar zuwa ɗakin aiki, na bi su, don ba wanda ya iya ce mini in tsaya. Gindin kwanson ya fito, gangar jikinsa ta maƙale a ciki kamar zobe a kumburarren yatsa. Na ce a ɗiga man zaitun. Suka ci gaba da leƙen bindigar. Na ce ina da tsinken kitso a jaka. Ammu Salihu ya ce, "Ya Hajja, billahi, ki zauna." Ya zare sakatar, ya ɗauko wani buroshi mai gashin waya, ya tura shi ta baya cikin abin da ya maƙale, ya jawo a hankali. Ya zame. Ya sake turawa yana bismilla, gashin ya kama, sai ga bututun tagulla ya biyo shi, yana ƙyalli abinsa, aikina.

Ya ɗora mini gutsuren biyu a tafin hannu, ya nuna mini inda bakin ya sirance kamar ɓawon albasa. Sannan ya ɗauko tabarau ɗin da Habibu ya sa, irin wanda na gama zagi ɗazu, ya ɗora a kai. Gilashin dama duk ɗigo-ɗigon baƙi ne, ya ƙone.

Ya ce, "Jan da kika wanke, shi ke cewa wannan ya mutu, kada a cika. Lau ba wannan gilas, idon walad, ɗanki, ne."

A nan na gane. Na zauna a kan wani akwati. Na haihu ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa naƙudar da ta kai ta fitar da kalmar nan a gaban maza ba. Na ce, "Laifina ne. Yaron ya yi aikinsa daidai. Matarsa ma ta hana ni, na ƙi ji. Kada ka raba shi da bindigar saboda ni."

Dattijon ya shafa gemu. Ya ce shi ma da nasa laifin, ƙyalli ya ruɗe shi ya cika bai sake dubawa ba. Ya juya ga Habibu ya ce duk abin da aka cika sai an warware shi, kuma shi zai zauna ya yi. Sannan ya miƙa masa bindigar ya ce ya goge. Yaron ya karɓa da hannu biyu.

A mota na fara cewa rigar Habibu ta yi datti, sai na kama bakina da kaina.

Bayan kwana biyu Ammu Salihu ya aiko mini da wata tsohuwar butar gahawa, baƙa ƙirin, wai in ji da ita, hannuna ya samu abin yi. Na goge ta tas.

Abin da na koya shi ne, idan na ga tabo yanzu, nakan tambayi mai shi kafin in jiƙa tsamiya. Sai dai mutanen gidan ma sun koyi nasu. Sabon kaskon Samira yana da ɗigon ja a mariƙi. Takardun Habibu ma haka. Jiya da safe na fito zan ɗora shayi, na tarar da ɗan jan zane a jikin ƙofar kicin. Na tsaya na kalle shi da kyau. Farce ɗaya zai fitar da shi. Na koma ɗaki na jira a kawo mini.