Yadda Cikina Ya Shiga Mujallar Likitoci

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka buɗe mujallar nan a zauren dagacinmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bari ba. Har gobe in na ratsa kasuwar Kiru sai an sami wanda zai ɗaga murya ya ce, "Malam Tafinta, ya cikin?" Ba lafiyata yake tambaya ba. Gara in ba ku labarin da bakina, don in wani ya riga ni sai ya ƙara abin da ba a yi ba.

Na yi elementare, na shiga Midil a Kano, ban gama ba. (Sun ce kaina ba ya ɗaukar lissafi. Ni na ce malamin ne bai iya koyarwa ba. Har yau ba mu daidaita ba.) Na dawo gida da Turancin da bai isa a ba ni aikin akawu ba, amma ya isa ya hana ni riƙe fartanya da zuciya ɗaya. Kawu Sale, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya raɗa mini Rabin Malami. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙowa, bai fasa ba. Ko a gaban surukaina haka yake kirana.

Ana nan sai ga likitoci sun zo ƙasarmu da sabon maganin zazzaɓin sauro, wata 'yar farar ƙwaya da ake sha mako-mako don kada zazzaɓin ya kama mutum tun farko. Ba rabawa kawai suke yi ba, bincike suke. Su soki yatsan mutum, su shafa ɗigon jini a kan gilashi, su duba a madubin likita ko ƙwayar cutar tana nan. Shugabansu wani dogon Bature ne da muke kira Mai Tabarau, yana da abokan aiki a Ikko da can ƙasarsu waɗanda yake aika wa gilasan su ma su duba. Sai Malam Bala, disfensa mai ba da magani, ɗan birni, wanda ya gama Midil ɗin da ban gama ba (kuma bai taɓa bari na manta ba). Abin da suka rasa shi ne ɗan gari da zai shiga gaba, ya yi tafinta, ya san ƙofar kowane mai unguwa. Aka nuna ni.

Mai Tabarau bai san cewa a wajenmu ba a miƙa wa mutum baƙon magani a tsaya ana kallonsa ba. Wanda ya kawo, shi ke fara sha. Ranar da muka je rugar Fulani a Burumburum, Arɗo ya juya ƙwayar a tafin hannunsa ya daɗe, sannan ya miƙo mini.

"Kai da ka rako su, haɗiye mu gani."

Na haɗiye. Suka zuba mini ido har aka sha nono aka gama, ban faɗi ba, sannan suka jero yaransu. Daga ranar abin ya zama tsarin aikinmu. Likita ya hana in sha fiye da guda a mako, saboda haka kowane mako sai mu zaɓi garin da ya fi taurin kai, in sha tawa a can, a tsakiyar dandali, a gaban kowa. Kuma ba na sha shiru. Sai na daki ƙirji na ce, "Kun gan ni nan? Ko sauron fadamar nan duka ya taru a kaina, ni da zazzaɓi mun rabu." Daga Bebeji har Doguwa babu wanda bai ji wannan magana daga bakina ba.

Wata rana muna hutawa a gindin tsamiya na tambayi likita me za su yi da tarin gilasan nan. Ya ce za su rubuta abin da suka gano, shi da abokansa, a buga a mujallar likitoci da ake karantawa a ƙasashe. Na ce, "Da ni a ciki?" Ya dafa kafaɗata ya ce ba don ni ba da aikin bai yiwu ba, dole in shiga. Har ya sa aka ɗauke mu hoto a gaban motarsu. Na ari babbar riga don wannan hoto.

Ban tsaya ko'ina ba sai wajen Kawu. Na same shi yana gyaran shinge, bai ko juyo ba.

"Kawu, sunana zai fito a takardar Turawa."

"Wane laifi ka yi musu?"

"Ba laifi ba ne. Littafin masana ne."

Sai ya ajiye igiyar. "To ji nan, yaro. Ranar da na ga sunanka a ciki da idona, ni Sale, a gaban jama'a zan kira ka Malam, in jefar da rabin." Ku da ba ku san shi ba ba za ku gane nauyin wannan ba. Ni abin da na yi ta jira ke nan tun ranar da na dawo daga Kano da akwatina a ka.

Da damina ta zagayo abu ya fara lalacewa. Yaran da ke shan ƙwayar suka koma kwanciya da zazzaɓi. Likita ya rasa gane ko maganin ne ya daina aiki, ko iyaye ne ke ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma. Ana cikin haka, ranar kasuwar Tudun Wada, na tsaya na daki ƙirji kamar kullum, na kai daidai "ni da zazzaɓi mun rabu", sai haƙorana suka fara kaɗawa. Da rana tsaka, ana zufa, ni ina neman bargo. A kan buhunan dawa aka kwantar da ni.

Ban taɓa ganin mutum yana murna da ciwon wani kamar Mai Tabarau a ranar ba. Da ya duba jinina ya ga ƙwayoyin cutar cike, har tafi ya yi. Ashe ni kaɗai ne a duk ƙasar nan da ba a shakkar ya sha maganin, tunda gari guda ke shaida kowane mako. Ke nan cutar ce ta saba da maganin, ta daina jin tsoronsa. Gaskiya dai ya yi jinyata, ya ba ni wani magani mai ɗaci na warke. Amma kafin nan ya sa na cire riga, ya lalubi saifata da ta kumbura, ya zana iyakarta da tawada a kan fatar cikina, ya ɗauki hoto. (Ni a lokacin na ɗauka kulawa ce. Har godiya na yi.)

Suka gama suka tafi. An daɗe, har Kawu ya fara tambayata ko jirgin da ya ɗauko sunan nawa ya nutse, sai Malam Bala ya aiko cewa mujalla ta iso, kuma ina ciki. Na ce kada a buɗe sai Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, a zauren dagaci. Ya zo da kansa ya ce, "Ka dai fara dubawa kai kaɗai." Na ce a raina, hassada ce, ɗan birni ba ya so a ga ɗan ƙauye ya kamo shi. Na sayi goro, na bi gida-gida na gayyaci mutane, na sake aron rigar nan.

Zaure ya cika har waje. Dagaci a kan buzunsa, Kawu a damansa. Malam Bala ya buɗe shafin, na ce ya karanta sunayen da ke sama da ƙarfi. Ya karanta na Mai Tabarau. Ya karanta na wani a Ikko. Ya karanta na wasu da ko Kwanar Dangora ba su taɓa gani ba, balle sauronmu ya cije su. Ya ɗago kai daga shafin.

"Ci gaba," na ce.

"Sun ƙare."

Na karɓa na bi da yatsa. Can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an gode wa Malam Bala da "mutanen ƙauyuka". Sai na tuna da hoto, na ce, "Ranka ya daɗe, ai hoto ya fi suna." Na juya shafi da hannuna.

Hoto dai akwai. Ba mota, ba babbar riga, ba kai ma. Ciki ne tsirara, daga ƙirji zuwa mazagin wando, da zanen tawada a gefe. Dagaci ya ce a karanta rubutun da ke ƙasa. Malam Bala, ba tare da ya dube ni ba, ya fassara: wani magidanci ne da bai taɓa fashin shan magani ba, duk da haka cutar ta kama shi.

Na yi maza na ce, "Wani bawan Allah ne daga Doguwa."

Da sun bar ni a nan da na tsira. Amma Kawu ya miƙo hannu. Ya riƙe mujallar a juye, aka gyara masa, ya kai ta kusa da ido ya nisanta.

"Wannan cibiyar ni na san ta," ya ce. "Na sha wanke ta."

Sai Tanko wanzami, wanda ya yi mini tsaga a ciki ina yaro lokacin da saifa ta dame ni, ya leƙo ta kafaɗarsa ya buga salati. "Wallahi askata ce! Ku dubi layin, duk ƙasar Kiru wa ke jera tsaga haka in ba ni ba? Jama'a, aikina ya je Ingila!"

Aka yi ta miƙa mujallar hannu zuwa hannu. Na ce tsaga ai kowa na da ita. Dagaci, wanda ba ya son gardama a zaurensa, ya ce abu mai sauƙi ne, in ɗaga riga a gwada. Kun taɓa ƙin umarnin dagaci a gaban jama'a? Na tattare rigar aro har wuya, na tsaya, Tanko ya ɗora shafin a gefen cikina yana nunawa da tsinke, tsofaffi suna cewa, "Shi ne, shi ne." Wani daga baya ya ce, "Ni da zazzaɓi mun rabu!" Zauren ya ɗauka. Har limamin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai da ya rufe baki da hannun riga.

Da aka lafa Kawu ya gyara murya.

"Na yi alkawari, kuma ba na saɓawa. Suna dai ban gani ba. Amma ga wanda ya shiga littafin." Ya sunkuyo ya dubi cikina sosai, ya ce, "Malam, barka da Juma'a."

Haka ya ci gaba har ya bar duniya. In na je gaishe shi da safe, sai ya fara gaida cikin da girmamawa, sannan ya ɗago ya ce, "Kai kuma Rabin Malami, ya aka yi?"

Na ji an ce saboda wannan rubutu aka sauya maganin da ake ba yara, kuma waɗanda sunansu ke sama sun sami ƙarin girma. Allah ya sa haka ne, ban ce ba su yi aiki ba. Mujallar kuwa tana wajen Tanko, a cikin zabirarsa, yana nuna wa duk wanda ya zo aski. Ciniki ma ya ƙaru masa.

Abin da na koya bai da yawa. In an aiko maka da ƙunshi, ka fara buɗewa a ɗakinka, ƙofa a rufe. In kuma masana suka dafa kafaɗarka suka ce dole ka shiga rubutunsu, kafin ka je aron riga, ka tsaya ka tambaye su wane ɓangaren jikinka suke nufi.