Uwar Falo Ta Faɗi Ranar Askin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni mai shagon aski na bakin titi, a madadin matata da 'ya'yana mata biyu, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan kallo rasuwar talabijin ɗinmu, wadda aka fi sani da Uwar Falo. Ta rasu ranar Alhamis, mako uku da suka wuce, da ƙarfe biyar da rabi na yamma, tana da shekara goma sha ɗaya a kan teburinta. Ina neman afuwar jinkirin sanarwa. Sau huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa korar baƙo ba, ko da wanda ya shigo da takalmi har kan kafet. In an kunna ta sai ta ce "ƙit", ta ɗan yi gunaguni, sannan hoto ya fito. A shekarunta na ƙarshe takan so a ɗan mare ta ta gefen hagu kafin ta yi magana, kuma ba ta taɓa riƙe kowa a zuci kan haka ba.

Ta yi wa unguwarmu tarbiyya fiye da yadda muka sani, musamman ta hanyar shirin nan mai dogon zango na attajiri da babban ɗansa. Duk mun tsani ɗan nan. A shago, daga safe zuwa yamma, zaginsa ake yi. Amma mai zagin da bakinsa zai zauna a kujerata ya ce, "Maigida, irin askinsa za ka yi min, da tsagar nan ta gefe." Na yi wannan tsaga a kan ɗalibai, direbobi, har da wani malamin makaranta da gashinsa bai kai a tsaga ba. 'Yata ƙarama ta koyi ce wa yayarta "Ba na maimaita magana." Muka yi ta dariya. Ni kuwa abin da na ɗauka a wurinsa ban ma san na ɗauka ba: in ana yi masa magana yana wani abu, sai ya ɗaga tafin hannu ko waiwaye babu. Hannun nan ya zauna min daram.

Ba za a fahimci ajalin marigayiya ba sai an san mahaifina. Baba shi ya koya min sana'a. Shekara arba'in yana aski kafin hannunsa ya fara rawa, ya miƙa min askarsa da fatar da yake wasa ta, ya koma ɗakin baya na gidanmu. Tun daga lokacin, duk Alhamis ƙarfe biyar nake rufe shago, in ajiye masa kujera a tsakar gida, in kawo kwanon ruwan ɗumi da sabulu da tawul, in aske masa kai tas. Ba ya yarda da kilifa. Cewa yake, "Kada ka kawo min wannan abin mai kukan ƙuda." Yana zaune yana gyara min riƙon aska kamar jiya na fara, ni kuma ina cewa to. A wannan rabin awar kaɗai muke hira ni da shi.

Sai tashar ta mayar da shirin ranar Alhamis, ƙarfe biyar.

Makon farko na ce, "Baba, bari a tafi talla." Aka tafi talla aka dawo ina zaune. Mako na biyu na ce gobe. Daga na uku ban ƙara cewa komai ba, in na ji tarinsa a bakin ƙofa sai in ɗaga hannu. Mako bakwai. Ni da nake kallon ƙeyar mutum a layi in gane kwana nawa rabonsa da aski, ban ga kan ubana ba, alhali kullum muna gaisawa.

A ranar da abin ya faru, falo cike yake da maƙwabta. An nuno attajiri ya tsufa, ba lafiya, yana tsaye a ƙofar ofishin ɗansa, ɗan yana ta danna waya. Raina ya ɓaci har na miƙe tsaye. Na ce, "Kai, marar mutunci! Ubanka ne fa! Waiwayo ka dube shi mana!" Na ji tari a bayana. Na ɗaga hannu.

Daidai nan hoton ya yi duhu na ɗan lokaci za a sauya wuri, gilashin ya zama kamar madubin shagona. A ciki na ga kaina, baki buɗe, hannu sama. A bayana na ga Baba, riƙe da kwano, tawul a kafaɗa, rabin kansa a aske, jini yana gangarowa ta bayan kunnensa zuwa wuyan riga. Na juya a firgice, ƙafata ta harɗe da wayar talabijin, Uwar Falo ta taho ta kifa da fuska a ƙasa. Maganarta ta ƙarshe ita ce "tas", sai ɗan "zzz", sai shiru.

Baba ya dubi fasassun gilasai, ya dube ni, ya ce, "Yi haƙuri, na katse maka kallo. Bayan kan ne ba na gani."

Na kai hannu zan karɓi kwanon, ya janye. Matata ce ya bari ta wanke masa yankan ta sa auduga. Maƙwabta suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba mai sallama. Wallahi da zagina ya yi a gabansu da ya fi min sauƙi.

Alhamis ta gaba ina tsaye a ƙofar shagona na ga Baba ya tsallaka titi da sandarsa, ya shiga shagon abokin hamayyata. Da yamma mutumin ya leƙo, bai yi min gori ba, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Tsoho ya zo. Na ce masa ba ni da aska sai kilifa, ya ce ba komai, in sa masa." Na ce na gode. Na shiga ciki na rufe ƙofa, na daɗe ban iya kallon madubi ba.

Ba na ɗora wa marigayiya laifi. Ta nuna mana mugun ɗa don mu gane shi, mu kuwa muka kwashi askinsa da hannunsa, muka bar darasin a cikin akwati.

Ta rasu ta bar rimot mai ɗaure da salatif, wanda har yanzu yake kan hannun kujera yana jiran aiki. Da eriya a kan rufi. Da mayafin leshi da ake lulluɓe ta da shi. Da abokan kallo kusan goma, waɗanda tuni suka koma falon telan unguwarmu. Su ne suka kawo min labarin cewa ɗan attajiri ya tuba, ya durƙusa, an yafe masa kafin a tafi talla. Na taya shi murna. A gidanmu abin bai zo da sauri haka ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa. Mai gyaran kayan lantarki zai zo da ƙarfe huɗu ya ɗauki gawar, ya cire abin da zai amfani masu rai. Ba a buƙatar rakiya. Masu niyyar haɗa min wata sabuwa, na gode, a dakata tukuna. Za a karɓi gaisuwa a shago kowace rana, ban da Alhamis ƙarfe biyar. A wannan lokacin za a fitar da teburin marigayiya tsakar gida, a ɗora kwanon ruwan ɗumi da sabulu da tawul da askar da na kwana uku ina wasawa, a ajiye kujera a gefe.

Na faɗa wa Baba. Bai ce zai zauna ba, bai ma ɗago kai ba. Amma Alhamis ɗin da ta wuce na ga ya kai har ƙofar shagon tsallaken titi, ya tsaya, ya juyo gida. Na dubi ƙeyarsa yana tafiya. Gashin ya kai na mako biyu.