Rasuwar Dattijuwa, Wadda Ta Samu Taga Bayan Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu mai kama da tsoro, ni da iyalina muke sanar da 'yan'uwa rasuwar Dattijuwa, bishiyar bonsai ta babban yayana, wadda ta cika a gidanmu bayan doguwar jinya da yawan canjin ɗaki.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, bonsai bishiya ce ta gaske, da saiwarta da rassanta, da ake renonta a ɗan kasko ana datse ta don kada ta girma. Dattijuwa ta haura shekara ashirin a duniya, amma tsayinta bai wuce kwalbar ruwa ba. Matar Yaya ce ta fara renonta. Da matar ta rasu, shi ya ɗora. Tun daga nan duk safiya sai ya zauna gabanta da ɗan almakashi, ya cire ganye ɗaya, ya daɗe yana shawara a kan na biyu.

Da tafiya ta kama shi zuwa wurin 'yarsa don a yi masa aikin gwiwa, ya duba dangi kaf ya zaɓe ni, wai ni ne na yi jami'a. Ya kawo ta da hannunsa yana ɗingishi, ya ƙi a karɓa masa. Ya ce, "Bakin taga za ka ajiye ta, inda hasken safe yake shigowa. Kada iskar na'urar sanyi ta buge ta. Ka taɓa ƙasar da yatsa kafin ka ba ta ruwa. In ka ajiye ta, ka bar ta nan, ba ta son yawo."

Na ce, "Yaya, bishiya ce fa."

Ya ce, "Shi ya sa nake maka bayanin a hankali."

Taga ɗaya ce a gidanmu take kallon gabas, kuma ya kamata masu makoki su sani cewa tana da mai ita. Furen roba ne, ja, wanda abokan aikin matata suka ba ta lokacin da aka yi mata ƙarin girma. Na gabatar da buƙatar Dattijuwa cikin ladabi. Madam ta ce furen nan ba ya motsawa, daga titi ake hango shi. Na ce roba ba ya buƙatar rana. Ta ce, "Ita guntuwar me za ta yi da ranar? Girma za ta yi?" Duk da karatun da na yi, na ɗauki kaskon na bar mata tagar.

Aka ba marigayiyar masauki a gefen talabijin, wuri na alfarma, inda kowane baƙo zai gan ta. Babu haske a can sai na labarai, amma akwai ɗumi mai tasowa daga bayan akwatin dare da rana. Baƙi sun yaba ƙwarai. Kusan kowa sai ya tambaya ko ta roba ce, kuma kafin a ba shi amsa ya tsinki ganye ɗaya don ya tabbatar.

Da ganyenta suka fara yin rawaya, sai Allah ya kawo mana ƙanen Madam, wanda muke kira Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka. Ya duƙa, ya leƙa ta, ya ce, "Zafi ne. Irin wannan sanyi take so, ku ba ku san abin da kuke riƙe da shi ba." Ya ɗauke ta ya ajiye daidai ƙarƙashin na'urar sanyi. Na tuna masa maganar Yaya. Ya ce Yaya malamin makaranta ne, me ya sani game da iska. A can ta shafe makonni tana rawa ba kiɗa, ganyen suna bushewa daga baki.

Sai ƙanwarmu Auta ta karɓi jinya. Ta ce, "Ƙishirwa ce, ku maza ba ku da tausayi." Ta mayar da ita kicin, saman firij, don ta riƙa tunawa da ita. Ta tuna da ita kuwa, safe da rana da yamma, har da ragowar shayi don ta samu ƙarfi. Babu wanda ya taɓa ƙasar da yatsa, don ba sai an taɓa ba, daga bakin ƙofa ana ganin ruwa kwance. Firij yana gasa ta daga ƙasa, hayaƙin suya yana turara ta daga sama.

Masaukinta na ƙarshe shi ne lungun da ke kaiwa banɗaki. An ce don ta huta ne. Gaskiyar ita ce ta daina kyan gani, kuma lungun yana da duhun da ke rufa wa kowa asiri.

Duk wannan lokacin Yaya yana kira daga gadon jinya. Kafin ya tambayi yara, kafin ya faɗi yadda gwiwa take, sai ya ce, "Ya Dattijuwa?" Ni kuma in ce, "Tana nan, Yaya." Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Tana nan ɗin.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa cin wuta ba, ba ta nemi caji ba, ba ta sa baki a maganar da ba tata ba, halin da ya yi ƙaranci a gidanmu. Abu ɗaya ta zo nema, kuma kyauta yake shigowa kowace safiya. Muryarta ɗaya muka sani, ita ce ɗan ƙaras ɗin da busasshen ganye yake yi in silifa ta taka shi a hanyar banɗaki. Da muka daina jin sa, Injiniya ya ce alamar sauƙi ce.

Ta rasu ta bar Yaya, wanda daga wannan sanarwar yake jin labari. Ta bar kasko, da ɗan almakashi da ba a taɓa buɗe shi ba tun zuwansa, da likitoci biyu, Injiniya da Auta, kowannensu yana da yaƙinin cewa da shi kaɗai aka saurara da yanzu tana raye. Ta kuma bar furen roba cikin ƙoshin lafiya, sai dai rana ta cinye jan nasa har ya koma kalar tsohon soso.

Game da jana'iza, Yaya zai sauka ranar Asabar. Auta ta kawo shawarar a ciro ganyen furen a liƙa wa gawar, tunda idon Yaya ba kamar da ba. An gode mata, ba a karɓa ba. Yau da safe Madam da kanta ta sauke furen roba, ta goge bakin tagar tas, ta ɗauko marigayiyar daga lungu ta ɗora. Ta ce, "Ya zo ya same ta inda ya ce." Na tsaya na ga hasken safe ya sauka a kan busassun rassan nan ɗaya bayan ɗaya. Wurin yana da kyau, babu laifi. Yaya ya san abin da yake faɗa.

Gawar za ta ci gaba da zama a nan har mai ita ya gani, sannan a binne ta a bayan gida, gefen da rana take fitowa. Madam da Injiniya da Auta za su karɓi gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa kada su tsinki komai, babu sauran abin tabbatarwa. Kada kuma a kawo fure, muna da shi.

Ni aka wakilta in ɗauko Yaya daga filin jirgi, ni kaɗai, kuma hanyar tana da tsawo. Yaya, in wannan ta iske ka kafin ka taso, alfarma ɗaya nake nema: kada ka tambaye ni a mota. Tana taga.