Rasuwar Mai Ƙuri'ar Famfon Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da ku, 'yan gidan hayar nan da kuka gani kuka kau da kai, rasuwar Mai Ƙuri'a, 'yar manhajar da ƙanwata Auta ta rubuta a tsohuwar kwamfutarmu bayan ta fara koyon aikin a makarantar kwamfuta.

Marigayiya ba ta da kyan gani, amma mai adalci ce. Kowace safiya sai ta yi "ƙit", ta zaro lambar ɗakin da zai fara tarar ruwa kafin famfo ya ɗauke. Ba ta san suruki ba, ba ta san mai ba ta ɗanɗanon miya ba. A zamaninta Inna ta ɗakin ƙarshe, mai ciwon gwiwa, ta sha cika randarta kafin kowa.

Jinyarta ta fara ne ranar da wani tela ya tare a gidan. Umarnin da ke zaro lamba yana son a ba shi lambobi biyu, inda zai fara da inda zai tsaya. Auta ta je ƙara ɗakin tela, hannunta ya goge ta farkon. Marigayiya ta yi "ɗiiit", ta amayo jan rubutu tana roƙon lambar da ta ɓace. Kullum roƙon ke nan har ta cika.

Injiniya, kai da ke cin abinci da wannan sana'a, ka leƙa allon da buroshi a baki, ka ce ai ƙaramin abu ne, sai gobe. Yau gobe ta nawa? Saura kuma kuka yi dariya, wai daman wasan yara ne.

Ta rasu ta bar Auta, wadda ta daina buɗe kwamfuta, tana cewa ƙwaƙwalwarta ba ta wannan aikin ba ce. Ta bar Inna da randa mai ƙura. Ta bar mu a hannun wakilin mai gida, wanda ya koma rabon layi da baki, kuma bokitin matarsa bai taɓa yin na biyu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bakin famfo. Auta ta rantse cewa da hannunta za ta goge marigayiya, ta kuma bar makarantar. Ba a buƙatar tabarma, ba a karɓar gaisuwa.

Injiniya, likkafanin bai rufe ba tukuna. Kada ka karɓe kwamfutar ka gyara da kanka kana hura hanci. Jawo kujera, zauna kusa da yarinyar nan, ku karanta jan rubutun tare, har ita ta mayar da lambar da yatsanta. Ka zo yau, kafin Inna ta sake kwana da ƙishi.