Jiran Jirgi a Shingen Buba

Ran Litinin ta makon jiya na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: na tsaya da jakina a bakin hanya ina jiran jirgin ƙasa ya wuce. Ba ni kaɗai ba ne. Akwai mata masu nono, da wani mai itace, da tsoho riƙe da akuya biyu, duk mun jeru a bayan wani dogon icce da aka gitta a hanyar shiga garin Dogon Dutsi, an shafa masa ja da fari. Muka dubi kudu, yashi da sabara. Muka dubi arewa, yashi da sabara. Jirgi kam babu shi, layin da zai bi ma babu, sai turaku.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ɗantala na Unguwal Gamji, mai buga ƙarfen biro, wato ofishin hukuma. A gaban biron da nake aiki akwai bishiyar bedi, a jikinta an rataye guntun ƙarfen layin dogo, kamu biyu, wanda wata mota ta kawo daga kudu tun kafin a ɗauke ni aiki. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tasowa daga ƙauyenmu kowace safiya in buga shi. In na buga bakwai a buɗe biro, yara su shiga lakwal, wato makarantar boko. Da wannan aiki nake ciyar da gidana duk shekarar da gero ya ƙi, kuma bana ya ƙi. A da ban taɓa makara ba, domin bakwai ba ta yi sai na iso. Sai bara aka kawo mana sabon magatakarda, Mushe Saminu (Mushe shi ne Malam a Faransanci), da agogo ɗaure a hannu. Tun ranar aka sami bakwai biyu a garin, tawa da tasa, kuma ba su cika jituwa ba.

Maganar jirgi kuwa ta kai damina uku. Wani babba ne ya zo daga birni, Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ƙara wa hularsa fari. Ya tara mu a ƙarƙashin gamji, tafinta ya gaya mana cewa jirgin ƙasa yana tafe, za a yi mana tasha a nan ƙauyen, mutum ya karya kumallo a gidansa ya isa gari kafin kokon ya huce a cikinsa. Muka tafa. Bayansa masu awo suka zo da wani madubi mai ƙafa uku, suka yi kwana arba'in suna leƙe da rubuce-rubuce don su gano hanyar da ta fi miƙewa daga ƙauyenmu zuwa gari. Ilimi ba ƙarya ba ne, domin sun gano ta: ita ce hanyar da jakunanmu suke bi tun zamanin kakanni. Suka kafa mata jajayen turaku dama da hagu, aka yi shela cewa daga yau layin jirgi ce, wanda ya taka ta ya kuka da kansa.

Sai muka koma zagaye ta bayan tudun yashi. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta zama ta awa biyu. Ba na ƙorafi, ina dai faɗa ne don a yaba wa manya: jirgin bai iso ba tukuna, amma ya riga ya fara aiki a ƙafafunmu.

Mutum ɗaya ne a ƙauyenmu ya taɓa shiga jirgi, maƙwabcina Maikano, tsohon soja da aka kai yaƙi har Faransa. Shi ya riƙa lallashinmu.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "A Faris ma haka suka hwara. Mutane na kwana ƙauyukan bayan gari, da sahe jirgi shi kwaso su. In sunka iso, su sauka cikin rami, su shiga wani jirgin da ka tahiya ƙarƙashin ƙasa."

Na ce, "Ƙarƙashin ƙasa, Maikano? Su da rijiyoyinsu ƙaƙa suka ƙarewa?"

"Ba su da rijiya. Kuma a ciki ba a gaisawa. Kahwaɗa na gugar kahwaɗa, kowa na kallon takalminai."

Wannan ta ƙarshen ban yarda da ita ba. Na ɗauka ciwon yaƙi ne yake taɓa shi.

To, mu koma ga Litinin. Sabuwar hanyarmu ta zagaye tana ƙetare turakun nan sau ɗaya, dab da gari, kuma a nan manya suka ga ya kamata a sa shinge don kada jirgi ya take mu. Mai gadin da aka naɗa Buba ne, taubashina, ɗan ƙanen innata, wanda a sanina ko garken tumaki bai taɓa tsarewa ya dawo da shi cikakke ba. An ba shi hula da jan ƙyalle da usur. Na ce masa ya ɗage mini iccen in wuce.

"Ba ni iyawa, taubashi. Lokacin jirgi na."

"Wane jirgi?"

"Na cikin takarda. An karanta mani ita. In rufe da wayewar gari, da zaran na iya bambance jaki da maraƙi. In buɗe in na ji an buga bakwai ga biro."

"Buba, wa ka buga bakwai ga biro?"

Ya dube ni, ya dubi jakin, ya gyara hula. "Kai na. Sai ka yi hamzari, ga mutane na jira."

Muka yi ta yi. Na tuna masa nonon da muka sha a ƙwarya ɗaya, na tuna masa ranar da na fito da shi daga tabki. Ya ce duk ya tuna, amma babu su a cikin takarda. Rana ta ɗago, ƙudaje suka gano masu nono. Can sai ga Mushe Saminu a kan keke, gumi ya jiƙa farar rigarsa. Ya miƙa wa Buba hannu ya nuna masa agogo, tara saura. Buba ya yaba kyan agogon, ya ce shi dai ƙara aka ce ya ji. Haka Mushe ya juya ya koma biro, ya ɗauki gudumata ya buga bakwai da kansa, 'yan lakwal suna leƙensa ta taga. Sannan Buba ya hura usur, ya kaɗa jan ƙyalle, ya ɗage icce.

Da na isa, Mushe bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Ɗantala, in ka sake makara ko sau guda, akwai ƙanen matata da ke zaune ba aiki, kuma nan cikin gari yake kwana."

Gaskiya na ji tsoro. Na dawo gida na gaya wa maiɗakina Zalihatu, ta ce to mu koma gari mana. Na ce gonar fa, da kabarin babana? Ta ce to in riƙa sammako in wuce shingen kafin Buba ya fara ganin jakuna. Haka na yi Talata da Laraba, ina sallar asuba a gefen hanya, jaki yana gyangyaɗi a tsaye. Ran Alhamis na iso shinge, gari ya fara haske, na ga Buba yana ƙanƙance ido yana dubanmu. Da ƙyar na shawo kansa cewa abin da nake ja maraƙi ne. Na san ba zan daɗe ina wannan ba, ƙafafuna sun tsufa.

Ran nan ne takarda ta zo cewa Mai Girma Uban Alkawari zai dawo ran Asabar ya aza ƙarfen farko a tasharmu. Biro ya rikice, domin ƙarafan da za a aza suna can bakin teku, wasu ma sun ce ba a ƙera su ba tukuna. Mushe Saminu ya fito yana kai da komo a ƙarƙashin bedi, ya ɗaga kai, ya tsaya. Ni ma na ɗaga kai. A duk faɗin Arewa, wato yankinmu na Dogon Dutsi, ƙarfen dogo ɗaya ne, kuma ga shi nan yana lilo a kanmu.

Aka sauke shi, aka goge tsatsar, aka shafa masa baƙin fenti, aka ɗora wa jakina. Ran Asabar an share gindin gamji, an kawo makaɗa. Mai Girma ya sauko daga mota, aka miƙa masa wata 'yar guduma mai kyalli, ya ɗan taɓa ƙarfen kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ni da na san muryarsa na ji ya amsa a kunyace. Aka yi jawabi, aka ce yau Arewa ta shiga sahun duniya. Aka sa hannu a takarda cewa wannan ƙarfe kayan tasha ne, a tasha zai riƙa kwana. Mota ta tashi, ta bi ta kan layin jirgi ta tafi, don ita ce hanyar da ta fi kyau.

Na zauna a gindin gamji raina a ɓace. Babu ƙarfe a biro, to me mai buga ƙarfe zai yi? Ko ƙanen matar Mushe ma ya yi asara. Zalihatu ta kawo mini tuwo na kasa ci.

Ran Litinin ta wannan makon ba wanda ya buga bakwai. Biro bai buɗe ba, 'yan lakwal suka watse kamun fara, Buba kuma ya riƙe shingensa har azahar da mutum sittin a bayansa. Aka binciko wata tsohuwar takarda mai cewa lalle a buga ƙarfe a gaban biro safe da rana da yamma. Ga takarda mai cewa ya kwana a tasha, ga mai cewa ya yini a biro. Wanda ya sa hannu a ta farko ya koma birni, Baturen da ya sa a ta biyun ya daɗe da komawa ƙasarsu, kuma ba a soke takardar babba sai da babba. Mushe ya aiko a kira ni. Ya yi ta murza agogonsa kafin ya ce, "Malam Ɗantala, jakin nan naka lafiyarsa lau?"

Washegari na ɗaure ƙarfe a bayan jaki, na tsaya a bakin turaku, na aika aka kira mini Buba.

"Taubashi, mi takarda tac ce game da wagga hanya?"

"Ba mai bin ta sai kayan jirgi."

"Wanga ƙarhe hwa?"

Ya zagaya jakin sau biyu, ya shafa fentin. "Kayan jirgi na. Da idona nig ga anka sa hannu."

"To mu tahi?"

"Dakanta in riga ka zuwa, in ruhe maka shinge."

Haka na koma hanyar kakannina bayan damina uku. Ban kai tsakiya ba na ji tafiya a bayana. Inna Ramatu mai fura ce, ƙwarya a ka, ta kama wutsiyar jakin. Ta ce Buba ya gaya mata wanda ya riƙe jirgi fasinja ne, doka ba ta hau kansa ba. Zuwa Laraba sai da na ɗaura igiya, mutum goma sha tara suna riƙe da ita. Maikano ya fito da tsohuwar rigarsa ta soja ya naɗa kansa mai kula da fasinja. Ya jera mu, ya hana a tsaya sai a tasha, ya kuma kafa dokar Faris cewa ba a gaisawa. Dokar ta kai kamar taki talatin. Inna Ramatu ta waiwaya ta tambayi ta bayanta kwanan yara, daga nan gaisuwa ta bi igiya har ƙarshe ta dawo. Maikano ya girgiza kai ya ce ba za mu taɓa wayewa ba, sannan ya tambayi mai itace jikin tsohuwarsa.

Jiya da muka iso shinge na hangi Mushe Saminu a cikin masu jira. Ya je garkarsa da sassafe, Buba ya rufe da shi. Yana tsaye riƙe da keke, yana duban agogo, muna wucewa a hankali da igiyarmu. Buba ya ƙame ya sara mana. Na ɗaga wa Mushe hannu cikin ladabi, na ƙarasa biro, na rataye ƙarfe, na sha ruwa, na buga bakwai. Ya iso bayana da kaɗan, kuma ban ce masa komai game da makara ba.

Saboda haka masu cewa manya ba sa cika alkawari su ji tsoron Allah. An ce za mu yi tasha, mun yi. An ce za mu isa gari kafin koko ya huce, muna isa da ɗuminsa. Roƙo ɗaya gare ni, in wannan takarda tawa ta kai hannun Mai Girma. Maikano ya ce layin jirgi ƙarfe biyu ne, to a taimaka a aiko mana da na biyun. Ba gaggawar jirgin muke yi ba, ya zo a lokacinsa. Kayan ne suke rinjaya gefe ɗaya, har jakin ya fara gyambo.