Abokin Yaya Hambali

"Wai da gaske ne waɗanda suka sayi kamfanin manhajar nan ta jin waƙa suna sayar da sirrin mutane?"

Muryar Yaya Hambali ce, wan maigidana, can ƙasa-ƙasa kamar mai neman magani. Ni kuwa na zo bakin labule da kwanon dambu, sai na tsaya cak. Wata huɗu da kawo ni gidan, ban iya shiga inda manya ke magana ba, ban kuma iya komawa ba.

Maigidana gyaran waya yake yi a kasuwa, don haka duk wanda wayarsa ta yi tari a gidan nan wurinsa yake zuwa. Yaya Hambali kuwa shi ne ya kori masu kiɗan ƙwarya ranar bikina. Kullum abin sauraro na maƙale a kunnensa, in an tambaya ya ce bitar karatu yake. Ga shi ranar Asabar dattawan unguwa za su zauna kan ba shi kujerar na'ibin liman.

Maigidana ya ce shi ma haka ya ji ana yaɗawa, kodayake sababbin masu kamfanin sun ƙaryata. Wai ana zargin suna miƙa wa 'yan talla sunan mutum da lambarsa da waƙar da ya ji, har da sau nawa ya maimaita ta.

"Har sau nawa?" in ji Yaya. Ya yi gyaran murya, ya ce ba fa shi ba ne, wani abokinsa ne, bawan Allah mai mutunci, yatsansa ya zame ya taɓa wata waƙar soyayya bisa kuskure.

Maigidana ya ce abokin ya kawo wayar a duba. Sai ga Yaya ya zura hannu a aljihun kansa. Ta gefen labule na hango fuskar wayar, hoton Yaya ne da rawaninsa na Sallah.

"Yaya, yatsan abokin nan naka sau ɗari uku da goma sha ɗaya ya zame."

"Tasi'u, goge za ka yi ko wa'azi?"

Maigidana ya ce gogewa ba wuya, amma abin da ya riga ya isa hannun kamfani ya isa. Yaya ya hau salati. Ya shiga tambaya ko mutumin gari zai iya sayen sirrin, don Malam Ɗahiru, wanda suke neman kujerar tare, ɗansa kwamfuta ya karanta.

Dariya ta taso mini, na cusa bakin mayafi a baki. A raina na ce wannan magana ni da kabari, ko Yaya Asiya da ta goye ni ba za ta ji ba. Mutum da girmansa, ba a bakina asirinsa zai tonu ba.

Ashe Inna, mahaifiyarsu, tana bayana da buta a hannu. Ta ɗage labulen da ni na kasa taɓawa.

"Hambali, bar yaron nan ya ci abincinsa. Kunnenka kake toshewa, ba namu ba. Abin da kake rera wa unguwa kyauta kullum in kana wanka, wa zai sa kuɗinsa ya saya?"