Ranar da Na Sa Mutanen Setapak Rigar Sanyi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan 'yar Dokta Nasiru, ko da na so in manta ma ba za a bar ni ba. Har yau akwai waɗanda in mun haɗu a bakin masallaci sai su kalli sama su tambaye ni ko su fito da bargo.

Lokacin ban daɗe da zuwa Kuala Lumpur ba, ina digiri na biyu a fannin nazarin yanayi. Labarin ƙasa na karanta a Kano, kuma a ganina na gama sanin sararin samaniya kaf, takardar shaida kawai na zo karɓa. Malamar da ke duba aikina, Farfesa Rohani, 'yar ƙasar ce, mai magana a hankali, ba ta kuma maimaita abin da ta faɗa. Tana da wani aikin bincike da za ta ɗauki ɗalibi ɗaya tak daga ajinmu, wanda ta ɗauka kuwa ya samu hanyar digiri na uku a hannunta. Na ƙwallafa rai a kan gurbin nan sosai (har na fara ce wa mutanen gida su taya ni da addu'a, abu ya kusa).

A watan Janairu sai wani mugun sanyi ya taso daga can ƙuryar arewacin duniya, ya gangaro ta Siberiya ya nufo Sin da Koriya. Farfesa ta ce kowa ya bi sawunsa a taswira, ya kuma ƙididdige abin da jiki zai ji idan iska ta haɗu da shi. Domin sanyi daban, sanyi mai iska daban: iskar ce ke kwashe ɗumin jiki, har kunne da yatsu su daskare mutum bai ankara ba. Ni kuwa da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji, abin ya shiga raina ba kaɗan ba.

Ranar Laraba da la'asar na buɗe taswirar a ɗakina. Na ga shuɗin launin da ke nuna sanyi ya malalo kudu. Sai na ce bari in danna kan Kuala Lumpur in gani. Wallahi sai ga digiri shida ƙasa da sifili, ranar Asabar. Na sa lissafin iska, ya ƙara yin ƙasa. Gabana ya faɗi, amma in faɗi gaskiya har da ɗan farin ciki a ciki, domin na ga na gano abin da duk masanan ƙasar ba su gani ba. Fanka na juyawa a kaina, gumi na bin bayana, ban tsaya na tambayi kaina komai ba.

Asabar ɗin nan ita ce ranar suna. Dokta Nasiru maƙwabcina ne a bene ɗaya, yana koyarwa a jami'armu, kuma shi ya tarbe ni da na zo. An shirya walima a bakin tafkin Titiwangsa, ƙarƙashin rumfa, an gayyaci duk Hausawan unguwarmu ta Setapak. Surukarsa, Hajiya Inna, ta zo takanas daga Kano don wankan jego.

Maimakon in kai wa Farfesa ta duba, sai na naɗi murya na tura zauren sada zumuncin Hausawan unguwa na waya. Na gyara murya kamar mai karanta labarai. Na ce sanyin da ba a taɓa gani ba yana tafe, a rufe kunnuwa da yatsu, a kula da tsofaffi da jarirai, kada a bar fata a buɗe. Na rufe da cewa wannan nasiha ce daga masanin fanni.

Dokta ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan magariba.

"Malam, shekarata nawa a garin nan ban taɓa sa ko safa don sanyi ba. Wayata ma digiri talatin da ɗaya take nunawa."

"Dokta, waya ba ta kama irin wannan," na ce. "Wannan taswirar ƙwararru ce."

Ya girgiza kai. Da shi kaɗai ne da maganar ta mutu a nan. To amma matarsa ta riga ta kunna wa Hajiya Inna muryata, kuma duk wanda ya san tsohuwar Bahaushiya da maijego a hannu ya san babu abin da take tsoro kamar sanyi ya shigi 'yarta. Hajiya ta sa aka kira ni har falo.

"Ɗan nan, da gaske ne abin da na ji?"

"Da gaske ne, Inna."

"To Allah ya yi maka albarka. Ni dama tun da na zo nake cewa wannan na'urar sanyin da suke kunnawa ba alheri ba ce. Babu inda za a kai mini jaririya bakin ruwa."

Dokta ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Mutum ne da ke musu da manyan farfesoshi a taro, amma gaban surukarsa ko tari ba ya iya yi. "To, Hajiya, yadda kika ce," shi ne kawai abin da ya fita daga bakinsa. A tsaye aka soke rumfar Titiwangsa, aka mayar da walima cikin gidansa mai ɗaki uku.

Washegari na tafi wani shagon gwanjo a Danau Kota na sayi jibgegiyar rigar sanyi mai hula da gashi a baki. Mai shagon ya tambaye ni ko Koriya zan tafi. Na ce masa a'a, nan ma yana zuwa, ya tanadi kaya. Ya dube ni, ya ce, "Boleh, boleh," wato to, ba laifi, ya miƙo mini leda. A shagon na haɗu da matan mutanenmu uku suna zaɓar suwaita ta yara. Suka gaishe ni da girmamawa, ni kuma na amsa da kai kamar likita a asibiti.

Asabar ta waye da rana fes. Na ce wa kaina da rana zai sauka. Azahar ta yi, na ce sai la'asar. Na dai zura rigata na haura gidan suna, domin wanda ya yi hasashe ba ya zuwa da 'yar shara.

Abin da na tarar ya fi ƙarfin bayani. Hajiya Inna ta sa an kulle tagogi, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma, an kashe na'urar sanyi da fanka. A kicin ana suyar naman rago, ga tukunyar ruwan wankan maijego na tafasa, ga kunun kanwa. Falo cike da maza, wasu da suwaita a kan kaftani, wasu da hular sanyi (waɗanda ba su yarda da ni ba ma sun riƙo wani abu a hannu, don kada Hajiya ta ga sun raina ta). Kowa na sheƙa gumi, ana miƙa masa da miyar taushe, ana fifita da murfin kwano a ɓoye. Wani ya matso ya ce mini, "Malam, ƙarfe nawa zai iso ne? Mu dai mun gaji da jiransa." Na ce ya ƙara haƙuri.

Ana cikin haka aka buɗe ƙofa. Farfesa Rohani ce, da 'yar kyautarta a nannaɗe. Ashe Dokta ya gayyace ta, abokiyar aikinsa ce, ni kuwa ban sani ba. Zafin ɗakin ya doke ta har ta ja baya. Ta bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, idonta ya zo kaina, ya tsaya a kan gashin hular rigata.

"Al'adarku ce haka a ranar suna?" ta tambayi Dokta da Turanci.

Da ya ce mata e, da ya rufa mini asiri har abada. Bai samu damar cewa komai ba ma. Hajiya Inna ta fito daga ɗakin mata da jaririyar a naɗe cikin tawul biyu, ta ji an ce ga malamata. Nan take ta kamo hannun rigata.

"Gaya mata. Gaya mata yaron nan ɗan albarka ne. Shi ya hango mana sanyin ƙanƙara tun Laraba, muka duƙufa da addu'a, ga shi Allah ya kawar da shi bai zo ba. Gaya mata ta riƙe shi da kyau."

Farfesa ta juyo gare ni. "Me Mama ta ce?"

Mutum wajen ashirin da ke wurin suna jin harsunan biyu, babu ta inda zan karkatar da magana. Haka na tsaya, gumi na ɗiga daga haɓata, na fassara mata yabona da bakina, kalma bayan kalma, har da wurin da aka ce ta riƙe ni da kyau.

"Nuna mini taswirar," ta ce.

Na ciro waya na miƙa mata. Ba ta ɗauki lokaci ba. Ta ɗora yatsa a kan wasu ƙananan lambobi a kusurwar sama, waɗanda ban taɓa kula da su ba.

"Lissafinka daidai ne," ta ce a hankali. "Akwai digiri shida ƙasa da sifili a Kuala Lumpur yau. Amma wannan taswirar sama ce, fiye da kilomita biyar daga ƙasa. Can kullum haka yake, har ranar da ka sauka a ƙasar nan. Sanyin da kake bi kuma, kafin ya haye teku mai ɗumi ya iso mu, ruwan sama ya zama. A buɗe taga don Allah, jaririyar nan ta yi ja."

Ban san wanda ya fara dariya ba, na dai san Dokta Nasiru ne ya fi kowa, har da riƙe bango. Aka buɗe tagogi, aka kunna fanka, aka rage wa jaririya tawul, sai ga ƙurajen zafi jere a wuyanta. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Na so in cire rigar, sai zif ɗin ya maƙale a wuya, mutum biyu suka taru a kaina suna ja. Babu wanda ya fassara wa Hajiya Inna abin da Farfesa ta ce. Kowa ya ji nauyinta.

Ranar Litinin Farfesa ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ta ce kuskuren karanta taswira kowa na yi, ita ma ta yi. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne mutumin da zai ga abin mamaki ya sanar da jama'a kafin ya tambayi kowa. Gurbin ta ba wata ɗaliba 'yar Indonesiya. Na fito na zauna a wani shagon mamak, irin wurin mai shayinsu na can, na sa aka kawo mini shayi, har ya huce ban sha ba.

Bayan arba'in Hajiya Inna ta koma Kano. Ba a jima ba mahaifiyata ta kira ni, muryarta cike da murna. Wai sun haɗu a wani biki, Hajiya ta ba da labarina gaban mata, yadda na ceci maijego da jaririya daga ƙanƙara a ƙasar waje.

"Ashe haka ka zama, shi ne ba ka faɗa mana ba? To ya maganar malamar taka, ta ɗauke ka ko?"

Na ce, "Umma, ana dai kan addu'a."

Abin da na koya ba shi da yawa. In taswira ta ce maka za a yi ƙanƙara alhali gumi na bin bayanka, ka tambayi wanda ya fi ka sani kafin ka tambayi inda ake sayar da rigar sanyi. Farfesa na iya gyara maka kuskure a minti ɗaya, amma wanda ya riga ya shiga kunnen tsohuwa ya tafi ke nan. Har yau a unguwarmu ta Kano ni ne yaron da ya hango ƙanƙara a Malesiya, kuma ban samu ƙarfin halin gaya wa Umma gaskiya ba.